Bangon Ƙirar Mutum Ne, Faɗuwar Kuwa Ta Gaske Ce

  

Sharhinmu na yau a kan wani wasa ne da ya bazu a manyan biranen duniya cikin 'yan shekarun nan, wato wasan hawa bango. A Turai da Amurka da gabashin Asiya, har da Abu Dabi da Nairobi da Johannesburg, akwai manyan zauruka da aka keɓe don wannan wasa kaɗai. Mutum ya biya kuɗi a ƙofa, ya shiga, ya hau bango, ya sauko, ya sake hawa. Na san wani zai ce, ikon Allah, har sai an biya kuɗi kafin a hau katanga? E, sai an biya. Ku ba ni aron kunnuwanku, in faɗa muku abin da ya sa nake ganin wurin ya cancanci ziyara, da abin da ya sa nake son mai zuwa ya je da hankalinsa a jikinsa.

Maganata a yau guda ɗaya ce. Bangon nan ƙirar mutum ne. Faɗuwa daga kansa kuwa ta gaske ce. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komawa kansa.

To, bari mu fara leƙawa ciki.

Da yawa daga cikin waɗannan zauruka tsofaffin sito ne ko masana'antu da aka gyara, saboda ana bukatar rufi mai tsawo. Da ka shiga, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne launi. Bangon na falanki ne mai kauri, an ɗora shi a kan ƙarafa, an shafe shi da fenti mai yashi-yashi don takalmi ya samu abin kamawa. Wani wurin bangon a miƙe yake. Wani wurin ya kwanta baya kaɗan. Wani wurin kuma ya ranƙwafo a kanka, har sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙarshensa. A jikinsa an ɗaure mariƙai da kusoshi, ja da kore da rawaya da shuɗi. Wani mariƙin hannu biyu suna shiga cikinsa. Wani bai wuce ƙwallon dabino ba, kan yatsa kawai zai zauna a kai.

Launukan nan ba ado ba ne. Kowane launi hanya ce. In ka ɗauki hanyar kore, kore kawai za ka kama, kore kawai za ka taka, tun daga ƙasa har sama. A gindin kowace hanya akwai alamar da ke nuna sauƙinta ko wuyarta. Akwai kuma ma'aikatan da sana'arsu ke nan, tsara hanyoyi. Bayan 'yan makonni sai su kwance mariƙan, su wanke su, su sake ɗaura su a wani tsari dabam. Bangon jiya ne, amma tambayar da yake yi maka sabuwa ce.

Shi ya sa in ka lura, za ka ga rabin mutanen wurin a zaune suke a bakin katifa. Sun zuba wa bango ido. Wani yana motsa hannuwansa a iska, dama, hagu, dama, yana hawa a zuciyarsa kafin ya taɓa komai. Sai ya tashi, ya tsoma hannu cikin 'yar jakar garin alli, ya tafa, farar ƙura ta tashi. Ya kama, ya hau taku uku, ya zame, ya faɗo kan katifa. Wani da bai taɓa gani ba sai ya matso ya ce masa, gwada juya ƙugunka, sa ƙafar hagu a can. Ya gwada, ya wuce wurin. Duk na kusa su yi masa tafi. Wannan hali na mutanen wurin yana burge ni ƙwarai. Wanda ya fi ka iyawa ba ya ɓoye maka dabara.

Sabon shiga kuwa kusan kullum kuskurensa ɗaya ne. Da hannu yake so ya hau. Zai riƙa jan jikinsa sama da ƙarfin damtse, kafin minti goma hannuwansa sun kumbura sun yi tauri, ko igiyar takalmi ba zai iya ɗaurewa ba. Sai mai koyarwa ya ce masa, ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi. Miƙe hannunka, manna ƙugunka da bango, taka da kan babban yatsa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga yarinya 'yar siririya ta wuce ƙaton saurayi mai ɗaga ƙarfe. Ita ta nemi dabara tun farko, shi kuma ya dogara da ƙarfi.

Yanzu kuma, masu sauraro, bari mu ɗan waiwaya. Ina abin nan ya samo asali?

Masu hawan duwatsu ne suka fara shi. Tun a 1939 an gina wani dutsen koyo a birnin Seattle na Amurka, a fili, da duwatsu da siminti. Amma labarin da ya fi jan hankalina na Ingila ne. A Jami'ar Leeds akwai wani malamin motsa jiki, Don Robinson. Ya lura cewa masu hawan dutse suna zaune duk lokacin hunturu, saboda sanyi da ruwa. Da yanayi ya gyaru sai su koma dutse da jiki a mace, su ji rauni. A 1964 sai ya samu bangon bulo a wani lungu na jami'ar, ya daddasa 'yan duwatsu a jikinsa, ya ce ga wurin atisaye. Wani ɗalibi mai suna John Syrett ya lizimci lungun nan. Da ya fita duwatsun yankin, sai ga shi yana hawa hanyoyin da suka gagari tsofaffin hannu. Daga nan mutane suka gane bangon cikin gida ba wasan yara ba ne.

Ku lura da dalilin. Don a rage rauni aka gina bangon Leeds. Wannan shi ne asalin abin.

Daga baya, a shekarun 1980, wani Bafaranshe, François Savigny, ya fito da mariƙai na roba mai tauri da ake ɗaurawa da kusa, a kwance, a canza musu wuri. Wannan ƙirƙira ce ta buɗe ƙofa. A 1987 aka buɗe zauren hawa na kasuwanci na farko a Amurka, shi ma a Seattle. Yau a birnin Copenhagen na Denmark har a jikin masana'antar ƙona shara an kafa bangon hawa da ya kai mita 80. Wasan ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo, a 2021. Can aka ga Janja Garnbret ta ƙasar Sloveniya ta ɗauki zinare, ta kuma sake ɗauka a Paris a 2024.

To, mu dawo cikin zaure. A nan ne maganar take.

Hawa iri biyu ne mai ziyara zai tarar. Akwai gajeren bango, wanda bai cika wuce mita huɗu da rabi ba. Shi ba a sa igiya, katifa mai kauri ce a ƙasa. Akwai kuma dogon bango, mai tsawon bene hawa huɗu ko biyar. Shi sai da igiya.

Bari in fara da na igiya, don shi ne ya fi taɓa zuciyata.

Mutum biyu ne ke yin sa. Kowanne ya ɗaura ɗamara ta musamman, wadda ke kama ƙugu da cinyoyi. Mai hawa ya ƙulla bakin igiya a ɗamararsa, ƙulli mai siffar lamba 8. Igiyar ta bi ta ƙarfen da ke can ƙolin bango, ta dawo ƙasa wurin abokinsa. Shi kuma abokin ya zura ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke maƙale a tasa ɗamarar. Wannan ƙarfe shi ne birki. Muddin hannunsa na riƙe da igiyar ta ƙasan ƙarfen, ko mai hawa ya zame, igiya za ta tsaya cak. In ya saki, shi ke nan.

Kun ji inda amana ta shigo. Wanda ke sama ya miƙa ransa ga wanda ke ƙasa. Ba zai iya duba shi ba, fuskarsa na kallon bango. Shi kuma na ƙasa ba shi da damar duba waya, ba shi da damar juyawa ya gaisa da wani. Wuyansa zai gaji da kallon sama, amma haka zai daure. Suna da 'yan kalmomi da suke jefa wa juna, kowace ƙasa da harshenta. Ka riƙe ni? Na riƙe ka. Zan hau. Hau. In ya kai ƙarshe ya ce, sauke ni. Sai ya saki bango gaba ɗaya, ya zauna a kan iska, abokinsa ya riƙa sassauta igiya a hankali har ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Sakin bangon nan na farko, jama'a, shi ne abu mafi wuya ga sabon shiga. Ya fi hawan wuya. Za ka ga babban mutum ya kai ƙoli, ya ƙanƙame mariƙi, ƙafarsa na rawa, ana ce masa saki, ya kasa. Ba abin dariya ba ne. Jikinsa ne ke faɗa masa gaskiya, cewa ƙasa tana da nisa. Ran da ya iya saki, ya koyi wani abu game da yarda da ɗan'uwa wanda ba a koyonsa a aji.

Kafin a bar ƙasa kuma akwai wata al'ada da ba a tsallakewa. Kowa ya duba ɗan'uwansa. Ni in kama ƙullinka in ja, in ga ya cika. Kai ka duba ɗamarata, ka duba igiya ta shiga ƙarfen daidai, ka matsa ƙugiyar da ke riƙe ƙarfen ka ji ta kulle. Ba ya ɗaukar rabin minti. Ƙwararre yana miƙa ƙullinsa ga ɗan koyo ya duba, kuma ba wanda ke ɗaukar hakan raini.

Me ya sa? Saboda bangon ƙirar mutum ne, amma faɗuwar ta gaske ce.

Ga abin da ya kamata ku sani. Igiyoyin nan da ƙarafan nan da wuya su ci amanar mutum. An gwada su, suna ɗaukar nauyin da ya ninka na ɗan Adam sau da yawa. Munanan haɗurran da ake samu, yawancinsu daga mantuwa ne. Kuma mantuwar ba ta tsaya kan 'yan koyo ba. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Lynn Hill, Ba'amurkiya, tana cikin gwanayen hawa na duniya a zamaninta. A 1989, a wani dutse a Faransa, hankalinta ya ɗauke tana cikin ƙulla igiya, ba ta ƙarasa ƙullin ba. Ta hau har sama, ta jingina da igiya, igiyar ta zare. Ta faɗo daga tsawon da ya haura mita ashirin. Rassan bishiya ne suka rage mata ƙarfin faɗuwa, Allah ya yi da sauran kwananta. John Long, shi ma tsohon gwani ne da ya rubuta littattafai kan dabarun hawa. A 2012, a cikin zauren hawa a Los Angeles, irin wannan ƙulli da ba a ƙarasa ba ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye mummunar karaya. Waɗannan mutane ne da suka ƙulla igiya sau dubbai. Da wani ya duba musu, da rabin minti ya wadatar.

Akwai kuma wata na'ura da ake ratayewa a ƙolin bango, mai janye igiya da kanta, don wanda ya zo shi kaɗai. In ka saki bango sai ta sauke ka a hankali. Na'urar tana aiki. Matsalar ita ce ba ta da ido, ba ta da baki. An sha samun wanda ya hau sau goma lafiya, a na goma sha ɗaya ya manta bai maƙala ƙugiyar ba, ya kai sama ya saki. Shi ya sa zauruka da yawa suke shimfiɗa wani ƙyalle a gindin bangon, wanda ke rufe mariƙan farko har sai ka cire ƙugiyar daga jikinsa ka maƙala a naka. Duk da haka, ni ina ganin abokin hawa ya fi na'ura. In dole sai da ita, to ka ja igiyar ka ji ta kama ka kafin ka ɗaga ƙafa.

Sai kuma gajeren bango mai katifa. A nan mutane suka fi sakin jiki, kuma a nan aka fi yawan jin ƙananan raunuka. Dalili a fili yake. A dogon bango igiya ce ke tare ka. A gajere kuwa, duk faɗuwa sai ka kai ƙasa. Targaɗen idon sawu, gocewar gwiwar hannu, karayar wuyan hannu, duk daga nan suke fitowa. Don haka zaure na kirki yakan fara koya maka faɗuwa kafin hawa. Ka sauka a kan ƙafa biyu, ka lanƙwasa gwiwa, ka mirgina baya, ka naɗe hannuwanka a ƙirji. Kada ka miƙa hannu don tare ƙasa. In da hali ma, ka sauko da ƙafarka maimakon tsalle. Kada ka zauna ko ka wuce ta ƙarƙashin wanda ke sama. Ka cire zobe, don yana iya maƙalewa a mariƙi ya yi wa yatsa mummunan lahani.

Iyaye, ga taku. Yaro yana son wurin nan, kuma yana da amfani gare shi. Amma katifa ba filin guje-guje ba ce, ku riƙe ƙanana kusa da ku. Matashin da bai gama girma ba kuma, kada a bar shi yana rataye da kan yatsu a allon atisaye na manya. Ƙasusuwan yatsunsa ba su gama ƙwari ba, suna iya tsagewa.

Wani zai tambaya, to wasan nan na su wane ne? Na Turawa ne kawai?

A'a. Ku dubi Indonesiya. Akwai wani reshe na gasar, na gudun hawa, inda bangon yake mita 15, kuma tsarin mariƙansa iri ɗaya ne a ko'ina a duniya. A 2019, a birnin Xiamen na ƙasar Sin, wata 'yar Indonesiya, Aries Susanti Rahayu, ta zama mace ta farko da ta haye shi a ƙasa da sakan 7. Da ɗankwalinta a rufe ta yi wannan bajinta. A Paris kuma, a 2024, ɗan ƙasarsu Veddriq Leonardo ya ci zinare, bai cika sakan 5 a kan bangon ba. Don haka 'yan'uwa mata, sutura ba ta hana wannan wasa. A dai tattare bakin mayafi a cusa shi ciki, kada ya shiga ƙarfen igiya. Wasu zaurukan ma suna ware lokaci na mata zalla, sai a tambaya.

Masu bukata ta musamman ma suna ciki. Makafi suna hawa, wani na ƙasa yana faɗa musu inda mariƙi yake. Masu ƙafa ɗaya suna hawa. An riga an amince wasan zai shiga gasar nakasassu ta duniya da za a yi a Los Angeles a 2028.

Sai dai fa, akwai abin da ba zan ɓoye muku ba. Wasan yana da tsada. Kuɗin shiga, hayar takalmi, hayar ɗamara, in aka haɗa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, ko a Turai. Wannan yana damuna, don abin da ya fara a lungun makaranta bai kamata ya zama na masu hali kaɗai ba. Jami'o'i da makarantun da ke da ɗakin wasanni za su iya kafa ɗan gajeren bango, in sun nemo wanda ya san aikin. Na ce wanda ya san aikin. Kafinta ya buga falanki, a rataya igiyar kasuwa, wannan tarko ne.

Gargaɗi na gaba kuma ga wanda ya fara ƙwarewa ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Iya hawa bango dabam, iya hawa dutse dabam. A dutse ba launin da zai nuna maka hanya. Mariƙi yana iya ɓallewa a hannunka. Akwai rana, akwai ruwan sama, akwai ƙudan zuma da maciji a cikin kogo. Ba ma'aikacin da ya duba ƙarfen sama da safe. Duk wanda ya saba da zaure, ya dawo gida ya hangi dutsen Kufena ko na Kwatarkwashi ya ji zuciyarsa ta motsa, to ya nemi wanda ya san hawan dutse na gaske, ya kuma nemi izinin mutanen wurin.

Kafin in rufe, ina da magana da wasu 'yan'uwanmu da hawa sama shi ne abincinsu. Masu gyaran wutar lantarki, masu hawa dogayen turakun sadarwa, magina da masu fenti a jikin bene, masu ɗora kwanon rufi. Mutanen can, don nishaɗi kawai suke hawa, a ƙarƙashin rufi, da katifa a ƙasa, amma ba sa ɗaga ƙafa sai wani ya duba musu ɗamara. Ku da kuke hawa don ciyar da iyali, a kan siminti da ƙarfe, kun fi su cancantar wannan kulawa. Ku nemi ɗamara a wurin mai aikin, haƙƙinku ne. Ku kuma masu ba da aiki, ku saya musu.

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwa da ke karatu ko neman abinci a ƙasashen da zaurukan nan suke, in dama ta samu ku je. Ku tafi da aboki, ku tafi da 'ya'yanku. Ku saurari bayanin ranar farko har ƙarshensa, ko da kun ƙosa ku hau. Ku fara da hanya mafi sauƙi, ba kunya a ciki. In kun ga igiya ta tsufa, ko ma'aikaci ba ya kula, ku yi magana, in ba a gyara ba ku fita. In aka ba ku riƙon igiyar wani, ku ajiye waya, ku ɗaga kai, kada hannunku ya bar igiyar har sai ya taka ƙasa. Bangon ƙirar mutum ne, faɗuwar ta gaske ce, don haka ku duba ƙullin ɗan'uwanku, shi ma ku bar shi ya duba naku.

A nan za mu dakata. Allah ya kare mu, ya kare 'ya'yanmu, ya sauko da duk wanda ya hau lafiya.